Babur a Hanoi, Babur a Bungudu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Matafiyin da ya dawo daga Biyetnam, kafin ya ba ka labarin abincinsu ko fadamun shinkafarsu, labarin babura zai fara yi maka. A Hanoi, babban birnin ƙasar, da Ho Chi Minh da ke kudu, wanda a da ake kira Saigon, danja na ba da hannu sai babura ɗaruruwa su taso lokaci guda, gwiwa na gugar gwiwa, kowa na danna oda. Mutanen ƙasar kimanin miliyan 100 ne, amma baburan da aka yi wa rajista sun haura miliyan 70. A kan babur ake kai yara makaranta, a kansa ake ɗauko firji daga kanti, a kansa ake kai kaji da agwagi kasuwa. Baƙo kan tsaya bakin titi ya rasa ta inda zai tsallaka, sai ɗan gari ya koya masa dabara: ka sauka kan titin, ka yi ta tafiya da taku ɗaya, kada ka ruga, kada ka tsaya cak, kada kuma ka ja da baya. Masu baburan ne za su auna tafiyarka, su rabu biyu su wuce ka kamar yadda ruwan gulbi ke kewaye dutse.

Bature na jin wannan labari sai ya riƙe baki. Mutumin Bungudu ba zai yi mamaki can ba. Ya saba ganin buhun masara uku a kan babur ƙirar Boxer, mai shi na zaune bisa tanki. Ya ga an ɗauko gado da katifa, ya ga akuya a cinyar fasinja, ya ga maigida da uwargida da yara uku sun nufi asibiti a babur guda. Idan ya shiga Gusau da safe, daga shataletalen Lalan zuwa Tudun Wada, shi ma a cikin babura da Keke Napep yake kutsawa. Sai dai kamar da ke tsakaninmu da su ta ido ce kawai. Injin ɗaya ne, amma dalilin hawa daban, hanyar da ake bi daban, abin da ke kashe mahayi ma daban. Wanda ya gane wannan bambanci zai fi fahimtar abin da ke faruwa a kan titin ƙofar gidansa.

Yadda babur ya zama na kowa

A shekarun 1970 babur kayan ƙawa ne a ƙasar Hausa. Malamin makaranta da malamin gona da akawu su ne masu Honda da Yamaha da Vespa, kuma kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 sun ƙara yawansu. Ba wanda ke tunanin a tsayar da mai babur a ce ya kai mutum unguwa a biya shi.

Shekarar 1986 ce ta sauya lissafi, kuma abin mamaki ta sauya shi a ƙasashen biyu. A nan, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Naira ta faɗi, mota da kayan gyaranta suka yi tsada, tasi da bas suka ragu a garuruwa, albashi ya daina kai wata. Ma'aikaci ya fara ɗaukar fasinja da baburinsa bayan an tashi aiki, yana rufe fuska don kada ɗalibansa su gane shi. Daga nan acaɓa ta kafu a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Gusau. A can kuwa, a watan Disamba na wannan shekara, jam'iyyar gurguzu mai mulki ta buɗe ƙofar kasuwanci da tsarin da suke kira Doi Moi. Masana'antu suka shigo, kuɗi suka fara zama a hannun mutane, mai keke ya ajiye keke ya sayi babur. Kamfanin Honda ya kafa masana'anta a ƙasar, ya fara ƙera babura a 1997. Wato su samu ne ya ɗora su kan babur, mu kuwa rashi ne.

Wajajen shekarar 2000 baburan Sin masu araha suka mamaye kasuwannin biyu. A nan Jincheng ce ta yi suna, kafin na Indiya, Bajaj Boxer da TVS, su karɓe hanya saboda juriyar lodi da ƙarancin shan mai.

Gusau na da nata dalilin na musamman. Ran 1 ga Oktoba 1996 aka cire Zamfara daga jihar Sakkwato, garin ya wayi gari babban birnin jiha. Ma'aikata suka dawo, unguwanni suka miƙe, amma ba a samu motocin haya na cikin gari da za su ɗauki wannan jama'a ba. Masaƙar Gusau da ta ciyar da dubban gidaje ta rufe, harkar auduga ta ja baya. Sai Jami'ar Tarayya ta zo a 2013 da ɗalibanta, sai kuma mutanen ƙauyuka da rashin tsaro ya raba da gonakinsu suka kwararo. Saurayin da ya baro gona ba shi da jari ba shi da takarda, sana'ar da zai fara yau ya ci abinci yau ita ce kabu-kabu. 'Yan siyasa ma sun gane haka, shi ya sa rabon babura ya zama abin da ba a rasawa a kakar zaɓe.

Na wa ne baburin?

Nan ne babban bambanci na farko. Yawancin waɗanda matafiyi ke gani a titin Hanoi, baburansu suke hawa, za su wurin aikinsu. Akwai masu haya, waɗanda yanzu akasari ta manhajar waya irin Grab ake kiransu, amma su ne 'yan kaɗan a cikin taron. Mai zuwa ofis da baburinsa ba ya tsere da kowa. In ya makara minti biyar, ba abin da ya ragu a aljihunsa.

A wurinmu kuwa da yawa daga baburan da ke kan titi neman abinci suka fito, kuma sau da yawa mai tuƙin ba shi ne mai baburin ba. Wani balas yake kai wa mai shi kullum da yamma, ko an samu ko ba a samu ba. Wani an ba shi ne ya riƙa biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasa, a kan kuɗin da ya ɗara na kasuwa nesa ba kusa ba. Kafin ya ajiye na cefane sai ya cire balas, ya cire kuɗin mai, ya yanki tikitin ƙungiya, ya ware na faci da baƙin mai. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya.

Ku tsaya a bakin kwalta a Bungudu, inda 'yan kabu-kabu ke jeru a inuwa, ku ji yadda ciniki ke tafiya. Dattijo ya sauko daga mota da ƙullin kaya, yara huɗu sun taso masa.

"Baba, ina za a kai ka? Hau mu tafi."

"Kai yaro, kuɗin nan da ka faɗa ai ya yi yawa. Bara ba haka nake biya ba."

"Allah ya ba ka haƙuri Baba, bara ba haka muke shan mai ba. In ka yarda in ƙara mutum ɗaya, sai in rage maka."

Dattijo ya yarda, aka ƙara mutum, aka ɗaure kaya a baya da roba, yaro ya matsa gaba har ya hau tanki. A wannan ɗan ciniki kaɗai an haɗa obalodi da gaggawa, kuma babu mugu a cikinsu. Fasinja na son sauƙi, yaro na son ya dawo da wuri ya sake lodi. Duk mai zagin ɗan kabu-kabu kan ganganci ya tuna da wannan, ko da yake idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: mu fasinjoji mu ne ke cewa "yi sauri na makara", mu ne kuma ke raina wanda ke tafiya a hankali.

Cunkoso bai cika kisa ba, buɗaɗɗiyar hanya ke kisa

Abin da ke tsorata baƙo a Hanoi, wato yawan baburan, shi ne kuma ke rage munin haɗari a tsakiyar birni. Inda babura suka cushe ba wanda ke iya gudu. Ana gugar juna, ana faɗuwa, ana kurjewa, a tashi a kaɗe jiki. Su ma munanan haɗurransu sun fi yawa a manyan hanyoyin wajen gari, inda babur ke haɗuwa da manyan motoci.

To mu rayuwarmu a kan irin wannan babbar hanya take. Titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe da Kwatarkwashi, ya shiga Gusau, ya fita ta Bungudu da Maru da Talata Mafara zuwa Sakkwato, shi ne hanyar tirela da tankar mai da motocin shanu, shi ne kuma hanyar mai babur da zai kai matarsa awo. Garuruwan nan a bakinsa suke zaune, kasuwa da makaranta da masallaci duk a gefen kwalta.

Akwai abubuwa kaɗan da kowane mahayi ya kamata ya riƙe. Idan gudu ya ninka biyu, tazarar da babur ke buƙata kafin burki ya tsayar da shi ba ninki biyu take yi ba, huɗu take yi. Idan aka jibga lodi a baya, tayar gaba takan yi sakayau, kan babur ya riƙa rawa, burki kuma ya rage kamawa. Direban tirela, duk da tsayin mazauninsa, ba ya ganin babur da ya manne masa a gefe ko a gindin ƙofa, kuma idan zai yi kwana bayan motar kan shigo ciki ya share abin da ke wurin. Shiga ta hannun dama a wuce babbar mota na cikin abin da ya fi jawo asarar rai. Sai madubi: samari da yawa na sayen babur su kwance madubansa wai don ya fi kyau, alhali shi ne idon ƙeya. Sai wan-we, sai tafiyar dare ba fitilar baya, sai wasan babur a bikin aure, wanda ya mayar da gidajen biki da dama gidajen makoki.

Doka kuwa a fili take, ko da ba a bin ta: mai tuƙa babur sai ya kai shekara 18, ya mallaki lasisin tuƙi, baburin kuma ya kasance da lamba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da 'yan ZAROTA a cikin jiha, su ke da alhakin sa ido. Amma yaro ɗan shekara goma sha uku a kan babur, ƙafarsa ko ƙasa ba ta kai, ba jami'i ne ya ba shi makulli ba. Daga gida aka ba shi.

Labarin hular kwano

A nan ne Biyetnam ta yi mana nisa, kuma labarin ya cancanci a tsaya a kansa, domin kusan lokaci ɗaya aka gwada abu ɗaya. Ran 15 ga Disamba 2007 dokar tilasta hular kwano a kan dukkan hanyoyi ta fara aiki a can. Kafin ranar, 'yan kaɗan ne ke sawa a cikin birane, suna cewa zafi, suna cewa tana ɓata gyaran gashi. Washegarin dokar aka wayi gari sama da kashi 90 cikin 100 na manya sun sa. Ba tsafi aka yi ba. An ɗauki watanni ana shela a rediyo da talabijin da makarantu, an ƙera huluna marasa nauyi masu kafar shan iska daidai da ƙasa mai zafi, an sa farashin da talaka zai iya, an ɗaga tara, sannan aka cika tituna da 'yan sanda a ranar farko da ranakun da suka biyo. Har yau suna fama da jabun huluna da ba sa tare komai, da iyayen da ba sa sa wa yara, amma sa hula ya zama al'ada.

A Najeriya an fara tilasta tamu dokar ran 1 ga Janairu 2009. Abin da duniya ta gani a hotuna shi ne 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya da robar fenti a ka don su wuce jami'ai. Farashin hula ya yi tashin gwauron zabo, aka yi zanga-zanga a wasu garuruwa, bayan 'yan watanni magana ta bi ruwa.

Me ya sa? Ku koma kan tambayar mai babur. A can kowa hularsa ya saya wa kansa. A nan hula ɗaya ce za ta zagaya kan fasinja hamsin a yini, da gumi da ƙura. Wasu na ƙyamar cutar fata, wasu na tsoron jita-jitar da ta bazu cewa ana sa asiri a ciki. Ga hular Malam da rawanin dattijo da ɗaurin ɗankwalin Hajiya, ba wanda ya zauna ya yi tunanin yadda za a yi da su. Daga baya ma sai matsalar tsaro ta sa mai rufe fuska a kan babur ya zama abin zargi. Duk da haka ƙwaƙwalwa ba ta san uzuri ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, kuma raunin kai shi ne babban abin da ke kashe masu babur. Ƙafa in ta karye ana ɗorawa. A ganina, ko fasinja bai sa ba, shi mai tuƙin da ke yini a kan hanya ba shi da hujjar barin kansa a buɗe, kuma hular da ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, tun kafin mutum ya kai ƙasa take tashi.

Mata da babur

Matan Biyetnam da kansu suke tuƙi, sun rufe fuska da hannuwa saboda rana da hayaƙi. A nan tarihin ya bi wata hanya. Bayan da shari'ar Musulunci ta fara aiki a Zamfara a watan Janairun 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, an hana 'yan kabu-kabu ɗaukar mata, aka kawo motocin haya na mata zalla. Kano ta bi sahu a 2005 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta kawo babura masu ƙafa uku da har yau ake kira A Daidaita Sahu. A cikin gari Keke Napep ya magance wannan matsala sosai. A ƙauye kuwa, inda hanya ba ta wuce faɗin sawun shanu ba, mai naƙuda ba ta da motar asibiti sai babur.

Abin da babu a lissafin Hanoi

Damuwar hukumomin Biyetnam da babur ita ce hayaƙi da cunkoso. Tun 2017 majalisar birnin Hanoi ta amince da shirin hana babura shiga tsakiyar birni nan da 2030, a 2025 kuma gwamnati ta fito da shirin fara taƙaita masu amfani da fetur don a koma na lantarki. Amma ku lura da abin da suke yi kafin hanin: jirgin ƙasa na cikin gari ya fara aiki a Hanoi a watan Nuwamban 2021, na Ho Chi Minh a watan Disamban 2024. Duk da haka mutanensu na ƙorafin cewa bai isa ba.

Tamu damuwar ta fi wannan nauyi. Abin da ya sa babur ya dace da manomi, wato shiga kowace hanya da shan mai kaɗan da sauƙin gyara, shi ya sa ya dace da ɓarayin daji. A kansa suke zuwa, uku-uku, har ta kai suna haɗa sababbin babura a cikin kuɗin fansa. Saboda haka doka ta yi ta faɗawa kan babur. A watan Mayun 2019 rundunar soja ta hana hawansa a dazuzzukan jihohi bakwai, har da Zamfara. A ƙarshen Agustan 2021 Gwamna Bello Matawalle ya taƙaita zirga-zirgarsa da dare, ya hana goyon mutum fiye da ɗaya, ya hana sayar da mai a jarka, ya rufe kasuwannin mako, 'yan kwanaki bayan haka kuma aka katse layukan waya. A watan Yulin 2022 gwamnatin tarayya ta ce tana duba yiwuwar hana babur a ƙasa baki ɗaya, maganar da ba ta je ko'ina ba. A 2024 Gwamna Dauda Lawal ya sa hannu kan umarnin hana hawa daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe.

Ba wanda ya ga abin da aka yi wa ƙauyukan Tsafe da Bungudu da zai ce hukuma ta naɗe hannu. Sai dai a faɗi gaskiya: wanda ke bin doka shi dokar ke kamawa. Ɗan bindiga ba ya bi ta shingen bincike, ba ya duba agogo. Mai kai marar lafiya asibiti da tsakar dare shi ke tsayawa yana rantse-rantse. Kano ta iya hana goyo a babur a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, saboda tana da kwalta da dubban A Daidaita Sahu da suka maye gurbi. Abuja ta kori 'yan acaɓa daga tsakiyar birni tun 2006. Amma Keke Napep ba ya haura laka da damina, kuma ba bas ɗin da ke zuwa ƙauyuka irin su Bingi ko Kekun Waje kowace sa'a. Abin da ya fi kama hankali shi ne a san kowane babur da mai shi: lamba a jiki, rajistar mahaya ta hannun ƙungiyoyinsu da masu unguwanni, riga mai lamba, da bin sawun dillalan da ke sayar da babura da yawa ga mutum ɗaya da masu kai mai daji. Wannan ya fi wahalar yi fiye da karanta sanarwa a rediyo, shi ya sa aka fi yin sanarwar.

Idan haɗari ya faru

Al'adarmu ita ce a taru a ciccibi wanda ya faɗi, a zuba masa ruwa, a zaunar da shi. Idan yana kukan wuya ko baya, ko ya ce ba ya jin ƙafafunsa, wannan ciccibar na iya gurgunta shi har abada. A bar shi kwance, a tsare hanya kada wata mota ta ƙara, in za a ɗauke shi a sa faifan katako ko ƙyaure a ƙarƙashinsa, mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da jiki. Inda jini ke zuba a danne da tsumma mai tsabta, ban da ƙasa, ban da baƙin mai. Wanda bai farfaɗo sosai ba kada a ɗura masa ruwa. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra ita ce 122.

Masu ɗori na da gwanintarsu kuma jama'a sun yarda da su, amma karayar da ƙashi ya huda fata ta asibiti ce, haka ma ɗaurin da ya sa yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko suka canza launi, a kwance shi a tafi asibiti a ranar. Wanda ya bugu a ka kuwa, ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a sa masa ido kwana ɗaya zuwa biyu. Idan ya fara amai, ko barci mai nauyi da wuyar tashi, ko ciwon kai mai ƙaruwa, ko ruɗewar magana, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, jini ne mai yiwuwa ke taruwa a cikin kai. Kada a jira gari ya waye, a nufi babban asibiti mafi kusa, in da hali Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura da ke Gusau.